Me ya sa mata da masu ƙaramin ƙarfi suka fi rasa barci?

'Yar'uwa, kin tambaya ko da gaske talauci da zama mace suna taɓa ingancin barci, ko kuwa zato ne kawai. Da gaske ne.

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, amma mai ƙaramin ƙarfi ya fi yin aikin dare ko na karɓa-karɓa, ya kwana a ɗaki mai cunkoso da zafi da hayaniya, ga tunanin bashi. Damuwa tana hana jiki sakewa ko da ido ya rufe.

Mata kuma sun fi maza fama da rashin barci. Akwai sauyin sinadaran jiki lokacin al'ada, juna biyu da ɗaukewar al'ada, sai ƙarancin sinadarin ayon da ke sa ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya da dare. A ganina babban abin da ake mantawa shi ne raino: yaro ya yi kuka, uwa ce ke tashi, gari ya waye aiki na jiranta. Barcin da aka yanyanka ba ya kai wanda aka yi a miƙe.

Kada ki sayi maganin barci irin diazepam da kanki, jiki yana sabawa da shi. Dogon barcin ƙarshen mako ma ba ya biyan bashin barcin duka.

Idan rashin barcin ya kai wata 3, ko kina minshari kina farkawa numfashi a sarƙe, ko kullum kina tashi da ciwon kai, ki ga likita. Ɗaukewar numfashi cikin barci an fi ganinta ga maza, shi ya sa sau da yawa ba a gano ta ga mata.