Amsa: manhajar mai da murya rubutu wajen duba masu taɓin hankali

Ɗan'uwa, ka tambaya ko likita zai bar manhajar tana saurare lokacin ganawa da majinyaci. A nan Maradi ban ba da wannan shawara ba. Majinyaci Hausa yake yi, takardar asibiti kuwa da Faransanci ake cika ta, shi manhajar ta fi ji. Wanda ke zargin ana bibiyarsa kuma, da ya ga waya bisa tebur sai ya kama bakinsa.

Bari ya fita tukuna, sannan ka faɗa mata bayaninka, da lambar takarda maimakon suna. Kafin ka sa hannu duba adadin magani, domin 6 da 10, ko 13 da 16, sautinsu kusa yake a Faransanci. Mafi haɗari, in ta haɗiye kalmar korewa, "ba ya tunanin kashe kansa" sai ta juye. Zaɓi mai aiki ba intanet, don sirrinsa ya tsaya cikin na'urarka.