S350 ko S500? Amsar da na ba yarona a gareji

Ka tare ni ina shirin alwalar la'asar ka ce kawunka zai sayi Marsandi S-Class ta hannu daga Kwatano, dillali ya turo masa hotunan guda biyu, S350 mai silinda shida da S500 mai takwas, ya rasa wadda zai ɗauka. Sannan ka ƙara da cewa, "Oga, ai ko ya sayi ƙaramar, in ta ƙi isarsa sai mu ɗora masa babban inji daga baya." Da tambayar farko kaɗai ka yi, da na ce maka je ka ƙarasa kwance tayar da na ba ka tun hantsi. Wannan ta biyun ce ta sa na ce ka jawo benci. Ajiye wayar nan kuma, ba da ita nake magana ba.

Motar da kake faɗa ita ce samfurin S-Class da ake kira W221, wadda aka fara yi a 2005 aka daina a 2013. S350 ɗin farko injinta lita 3.5 ne, ƙarfin doki 272. S500 ɗin farko lita 5.5 ce, doki 388, ita ce 'yan Amurka suke rubuta wa S550. Yadda ake duba mota kafin a biya kuɗi ba zan tsaya koya maka ba. Shekararka uku a nan, in har yau ba ka san a leƙa ƙarƙashi a duba yoyo ba, to ɓata wa mahaifinka kuɗin mota kake yi kullum.

Maganar ɗora babban inji kuwa, ni na taɓa yi, kuma fili guda ta ci mini.

Lokacin da W220 take tashe ne, yayar wannan da kawunka yake nema. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila, ba zan kama sunansa ba don yana nan da ransa, 'ya'yansa ma sun girma. Yana da S320 baƙa, ni nake yi mata sabis tun ranar da ta shigo ƙasar nan. Inji ne mai lafiya, silinda shida, doki 224, in ka tayar da shi sai ka sa hannu a kan bonet kafin ka yarda yana aiki. Wata rana ya shigo ransa a ɓace. Wai a hanyar Zariya, wajen Kwanar Dangora, wani abokinsa ya wuce shi da S500 har ya ɗaga masa hannu. Shi ke nan fa laifin motar. Na ce masa, "Alhaji, sayar da ita ka cika kuɗi ka sayi 500, magana ta ƙare." Ya ce a'a, ya saba da tasa, inji kawai yake so a canza. Na ce aikin ba ƙarami ba ne. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe abin da ake faɗa a kanka zuzutawa ce. Akwai wani yaro a Legas da ya ce sati biyu zai gama."

Wannan kalmar ce ta kashe ni. A lokacin duk layin nan babu wanda yake taɓa Marsandi in ba ni ba, kuma jinina yana tafasa. Na ce ya kawo mukulli. Ya ba ni kuɗin inji kaɗai, ya ce sauran in na gama mu yi lissafi, Allah ne shaida. Ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Na samo injin V8 mai silinda takwas, ɗan Baljiyam, a kasuwar Ƙofar Ruwa nan Kano, lita 5.0, doki 306. A ido shi da na V6 ɗin 'yan gida ɗaya ne, fulogi bibbiyu kowace silinda, wancan 12 wannan 16. Kwana huɗu ya zauna daram a mazauninsa, har na fara jin kaina. Na murɗa mukulli, shiru. Ka san su masu yanko inji a Turai da almakashi suke datse waya, don haka sai da na nemo wayarin ɗin V8 cikakke. Na haɗa, shiru dai. Ashe birenbos ɗin injin, wato kwamfutarsa, da makunnin mota da mukullin kansa an ɗaura musu aure tun daga kamfani, in ɗaya baƙo ne sauran ba za su amsa masa sallama ba. Yau kowane yaro mai kwamfuta ya san wannan. A wancan lokacin da kuɗina na saye sanin. Sau biyu ina hawa motar dare zuwa kasuwar Ladipo a Legas kafin na samu saiti guda da ya fito daga mota ɗaya.

Ranar da ta tashi yara suka yi ta ihu, na saya musu tsire. Na fita da ita titi, ta shiga giya ta biyu ta maƙale, ko na taka ko ban taka ba. Kwamfutar giya tana lissafin juyin tayoyi da na inji, lissafin ya ƙi fita, domin haƙoran aksul ɗin baya na 320 daban ne da na 500. Na canza giyabos da kwamfutarsa, na canza aksul. Ga salansa, ga tiyo-tiyon ruwa. Duk abin da na taɓa sai ya nuna mini maƙwabcinsa. Na buga wa Alhaji waya ya ƙaro kuɗi, ya ce yana Abuja ana bin fayil, in yi kawai, shi ba ya cin haƙƙin talaka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sayar da filin da na saya don in gina wa iyalina, mu fita daga haya, na zuba a cikin motar wani.

Wata uku da kwanaki. Amma fa da na gama, wallahi ta yi. In ka taka ta sai ka ji kujera ta rungume ka. Har yau ban yi aikin da nake alfahari da shi kamar wannan ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ya zo ranar wata Juma'a da farar shadda, ya zagaya ta, ya ce masha Allah, bari ya gwada ta zuwa masallaci ya dawo mu zauna. Na ba shi mukulli da hannuna. Har aka yi isha'i ina zaune a kan bencin nan da takardar lissafi a aljihu.

Na yi sintiri gidansa har maigadi ya haddace ƙarar babur ɗina, kafin in kashe sai ya ce Alhaji ya yi tafiya. Bayan wata biyu ya aiko direbansa da saƙo, wai na lalata masa mota, tana shan mai kamar an huda tanki, shi ne ma ya kamata ya bi ni kuɗi. Mutumin da ya nemi silinda takwas yana kukan mai! Kuma direban bai zo shi kaɗai ba, da akori-kura ya zo, wai a ba su tsohon injinsu da giyabos, ai kayansu ne. Shi ne abu ɗaya da nake sa ran in sayar in rage asara. Na kai ƙara wajen shugabannin ƙungiyarmu, tambaya ɗaya suka yi mini: ina takarda? Na ce Allah ne shaida. Suka ce to ka bar wa Allah.

Bayan wasu shekaru wata baƙar S-Class ta shigo nan da wani mai ita daban, an manna mata S500 a baya. Ina ɗaga bonet na ga shuɗin tef ɗin da na naɗe wayoyi da shi, irin naɗina, ƙulli biyu a ƙarshe. Ashe ya sayar da ita a kuɗin 500. Na rufe bonet ɗin na ce wa mai ita yau ba na jin daɗi, ya gwada gaba.

Saboda haka ka gaya wa kawunka, injin da yake so ya mutu da shi, shi zai saya tun yau. Wanda ya ce masa za a ɗora daga baya, ko ɓarawo ne ko irina ne a wancan lokacin. A W221 ma abin ya fi muni, kwamfutocinta sun fi na waccan yawa.

Amma wacce zai ɗauka? Ku yaran yanzu kuna ɗauka ƙaramin inji shi ne tsimin mai, don haka kuka gani a bidiyo. Motar nan nauyinta ya kusa tan biyu ko da wane inji. A cunkoson Kano, esi a kunne, kana tashi kana tsayawa daga Ƙofar Nassarawa zuwa Bata, mai shidan ma ba tausayin aljihu take yi ba. Akwai bambanci, 500 ta fi sha, amma bai kai yadda ake tsorata mutane ba. A doguwar hanya kuwa mai takwas tana tafiya ne kamar tana hamma, in ka zo wuce tirela ba ka addu'a. Sabis ma tazarar kaɗan ce: fulogi da kwayil takwas maimakon shida, baƙin mai lita takwas da rabi maimakon takwas.

Abin da yake kwantar da S-Class a ƙarƙashin bishiya ba inji ba ne. Balan-balan ɗin iska ne da take zaune a kansu, waɗanda ramukan hanyarmu suke fasawa ka wayi gari ta durƙusa kamar raƙumi. Famfon da yake hura su ne, da farantin lantarkin cikin giya, da tayoyi, da ruwan sama in ya sami hanyar shiga wajen kwamfuta. Waɗannan kuɗinsu ɗaya ne, ko 350 aka rubuta a baya ko 500. Wanda ya sayi ƙaramar don yana jin ya tsere wa kashe kuɗi, bai tsere wa komai ba.

Ni na san kawunka, shi ne mai tsohuwar Camry da yake cewa a zuba masa baƙin mai na gwangwanin awo. Tafiyarsa daga gida zuwa kasuwa ce, sai ɗaurin aure. In dole sai S-Class, ya ɗauki 350, ta ishe shi har ta yi yawa, kuma ranar da ya gaji da ita zai fi samun mai saye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta yi sama, masu V8 suke ta kawo mini cigiyar mai saye. Shi ya sa zai ga kuɗin 500 ɗin ya matso kusa da na 350, kada ya ɗauka garaɓasa ce. Da mutum ne mai zirga-zirgar Abuja duk mako, wanda ba ya kallon mita a gidan mai, da 500 zan ce, ba tare da na yi tunani sau biyu ba. In kuma dillalin ya fara yi masa daɗin baki da S600 mai silinda 12 da turbo biyu, ya kashe wayarsa. In ya saye ta, kada ya kawo mini.

Kuma kada ya yarda da rubutun bayan mota. Haruffan nan a leda ake sayar da su a Ƙofar Ruwa, na ga wanda ya manna da idona, na ma gaya maka wanda ya ci riba da su. Ku ɗaga murfin robar kan inji ku ƙirga kwayil, uku-uku ko huɗu-huɗu. Na san ka da kyau, kwamfuta za ka fara jonawa kafin ka buɗe bonet, kamar ranar nan da ka ce mini sensa ce ta mutu alhali ɓera ne ya ci waya.

In motar ta iso ya kawo ta nan kafin ya cika kuɗin dillali. Ka faɗa masa kuɗin dubawa a hannu nake karɓa, kafin in taɓa sifana, ko da kawunka ne. Tashi ka miƙo mini butar nan, an kusa tayar da salla, tayar can kuma tana nan tana jiranka.