Tambaya da Amsa: Takunkumin korona ba zai tare maka warin fenti ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai fentin mota ne a nan Gombe, shekarata shida kenan a gareji. Tun lokacin korona nake sa takunkumin nan mai ruwan bula in zan yi feshi, wani sa'in har biyu nake haɗawa amma duk da haka da yamma kaina kamar zai tsage, in na fyace majina kuwa kalar motar da na fesa ce ke fitowa. Ogana yace in dinga shan madara tana wanke ƙirji. Wane irin takunkumi zan saya? Ina da gemu kuma.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wallahi maganar majinar nan ta tsaya min a rai, don abin da ka gani a hanci wanda ya maƙale ne kawai, sauran ya wuce cikin huhu. Takunkumin asibiti an yi shi ne don tare yawu, gefensa a buɗe yake ko goma ka haɗa. Madara kuma ciki take zuwa, fenti huhu ya tafi, hanyarsu ma ba ɗaya ba.

Abu biyu kake shaƙa. In kana goge fila (abin cike lotsin jikin mota) da samfefa ƙura ce, nan takunkumin tace ƙura irin N95 ko FFP2 ya isa, na farkon yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari, na biyun 94. Ka duba tambarin NIOSH, hukumar Amurka da ke tantance shi, a jikin N95 ɗin, na gaske igiyarsa bayan kai take zagawa ba kunne ba, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Amma tururin tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) da na fenti ba ƙura ba ne, wucewa yake ta N95 kamar ruwa a rariya. Shi sai takunkumin roba mai gwangwani biyu a gefe wanda akwai gawayi na musamman a ciki, in na Amurka ne alamarsa baƙa, in na Turai ne ruwan ƙasa da harafin A, sannan a ɗora 'yar audugar tace ƙura a sama don feshin. Fentin 2K da ake haɗawa da hadna (sinadarin da ke sa fenti ya yi ƙarfi) shi ne na fi ji maka tsoro, yana da sinadarin da ke jawo asma kuma hanci ba ya jin sa kafin ya yi ɓarna, asalin maganinsa takunkumi mai kawo tsaftatacciyar iska ta tiyo, ba iskar kwamfresar gareji ba da ke ɗauke da mai da hayaƙi. In babu hali, aƙalla ka yi feshi inda iska ke ratsawa, ka kori yaran shago daga wajen.

Kullum kafin ka fara, toshe gwangwanayen da tafin hannu ka ja numfashi, in robar ta lotsa ta manne a fuska to ta zauna. Ka gama kar ka rataye shi a ƙusa, gawayin shan wari yake ko ba ka sa ba, ka ƙulle shi a leda. Ranar da ka ji warin tina ta ciki gwangwanin ya riga ya mutu, canza shi. Robar kuma ruwan ɗumi da sabulu bayan ka cire gwangwanayen, banda tina.

Batun gemu ba zan ɓoye maka ba, duk gashin da ya shiga tsakanin roba da fata ƙofa ce, ko tsiron kwana biyu ne. Ba zan ce ka aske ba, akwai mai kamar hula da ke rufe kai gaba ɗaya yana hura iska, shi ba ruwansa da gemu sai dai tsada, ku zauna da oga ku yi maganar.

Ciwon kan nan kuma kar ka bar shi a hannun farasitamol, musamman in ƙirji ya fara kama ka da dare. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, kuma da bakinka ka gaya wa likita fentin mota kake yi shekara shida.