Me ya sa kuɗin ƙunshin amarya ya fi na kowa?

Tambaya: Anti, bikina saura wata guda. Mai ƙunshin unguwarmu ta yanka min kuɗi ninki uku na wanda take karɓa da Sallah. Cuta ce ko haka abin yake? Daga wata ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ba lallai cuta ba ce. Mai ƙunshi lokacinta take sayarwa, lallen kansa ba tsada gare shi ba. Zanen Sallah a tafin hannu ya tsaya, na amarya kuwa har gwiwar hannu da ƙauri, ga yankan salatif na jan lalle wanda shi kaɗai yakan ci awanni. In gida za ta biyo ki, kuɗin mota ma a kanki yake.

Ki nemi ganin aikinta a hannun mutum, hoton waya yana ruɗi. Ku yi ciniki tun yanzu: iya ina zanen zai kai, ja ne kawai ko da baƙi, ƙawaye nawa ne a ciki. Maganar ƙawayen nan ita ke kawo rigima ranar biya, na sha gani.

Baƙin kuma ki yi hattara. Yawanci ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, yana sa wasu ƙuraje da kumburi. Jan lalle kuwa a yi shi saura kwana biyu, lokacin ne yake nuna sosai.