Kar ka cire sa'ar, gurbinta za ka canza

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina cikin danfo ne daga Yaba, cunkoso ya riƙe mu. Ƙanena, na saurari tambayarka. Ka ce wasan wayar nan da kake haɗawa, mai zana sabuwar taswira duk shiga, wanda in ka mutu sai ka koma farko, masu gwada maka suna ta mutuwa a mataki na biyu suna cewa zalunci ne. Wai ko ka cire sa'a gaba ɗaya?

A'a, kar ka soma. Tun wasan kwamfuta na Rogue na 1980, a irin wannan wasa sa'ar nan ita ce gishirin miyar. Inda ka ajiye ta ne matsalar. Dubi ludo mana: sai ka jefa, ka ga shida ce ko biyu, sannan ka zaɓi ɗan da za ka tura. Wanda aka cinye a haka, rabin laifin kansa zai ɗora wa. To naka fa? Daren jiya na buga shi, na lallaɓa, na tara makamai, na kai wa dodo sara, kawai wasan ya ce na kuskure, sau uku a jere, ya gama da ni. Wani zagayen ma makullin yana bayan ƙofar da shi ne zai buɗe ta! Wallahi saura kaɗan in yi jifa da wayar.

Ka ga wasan Spelunky da Derek Yu ya haɗa a 2008, kowane mataki ɗakuna 16 ne, huɗu a tsaye huɗu a kwance. Kafin ya zuba tarko ko zinariya, sai ya fara jan hanya guda tabbatacciya daga mashiga har mafita. Bayan nan sa'a ta yi abin da ta ga dama. Shi kuwa wasan Slay the Spire, wanda ake faɗa da kati, a saman kan abokin gaba yake nuna maka abin da zai yi maka in ka gama naka, bayan faɗa kuma ya shimfiɗa maka kati 3 ka ɗauki ɗaya.

Sannan don Allah ka sa lambar da ke haifar da taswirar ta riƙa fitowa a allo. Wanda ya mutu ya turo maka ita, ka shiga ka gani da idonka ko akwai mafita.

Bari in tsaya, mun iso Oshodi, kwandasta yana riƙe da canjina.