Ku Tambaya Mu Amsa: Asibitin Yara na Akara da Tarihinsa

Wasiƙu biyu muka haɗa a wannan fitowa saboda sun taru a kan magana ɗaya, ko da yake ɗaya daga Gana ta zo, ɗayar kuma daga Nijar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Sabon Zango ce a birnin Akara, amma aure ya kai ni Kumasi tun da daɗewa. Ina ƙarama, wajen tsakiyar shekarun 1970, ƙanena ya kwanta ciwo jim kaɗan bayan an yaye shi. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya son abinci, ba ya son wasa, sai kuka. Kakarmu ta ce ya sha ciki ne, domin a lokacin mahaifiyarmu tana da juna biyu. Aka kai shi asibitin yara da ke kusa da kasuwar Makola. Har yau ina tuna layin mata da goyo tun da sassafe, da sikelin da ake ɗora yara a kai, da katin da mahaifiyarmu take naɗewa a bakin zane don kada ya ɓace. A can ta riƙa kwana kusa da gadonsa, ni kuma ina kai mata abinci, har Allah ya ba shi lafiya. Kwanan baya jikata da ke karatun jinya ta ce mini wai asibitin yana da suna a duniya. Ina so ku gaya mini wanda ya gina shi, da wadda aka sa masa sunanta, da dalilin shahararsa. Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikarki ta faɗi gaskiya. Asibitin da kike nufi shi ne Asibitin Yara na Gimbiya Marie Louise, wanda aka buɗe a shekarar 1926, lokacin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar suna kiranta Gold Coast. Gwamnan wancan zamani shi ne Gordon Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar daga 1919 zuwa 1927, kuma a hannunsa aka buɗe babban asibitin Korle Bu a 1923, aka kafa makarantar Achimota, aka fara aikin tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Ita kuwa Marie Louise jikar Sarauniya Biktoriya ce, ta kawo ziyara ƙasar a 1925, shi ya sa aka girmama ta da sunan. Amma in da za a bi cancanta, da wata mace daban ce za ta ci sunan asibitin.

Wannan mace ita ce Dakta Cicely Williams. An haife ta a tsibirin Jamaika a 1893, ta yi karatun likita a Jami'ar Oxford a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe maza, har dole ta sa aka fara buɗe wa mata ƙofa, ta kuma kammala a 1923. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta turo ta Gold Coast domin ta kula da lafiyar mata da ƙananan yara, inda ta yi shekara bakwai, kuma mafi muhimmancin aikinta a wannan asibiti na Akara ta yi shi.

Abin da ta riƙa gani a ɗakin kwanciya shi ne irin abin da kika gani a jikin ƙanenki. Ana kawo yara, yawanci daga shekara ɗaya zuwa huɗu, da kumburin ƙafa da hannu, da gudawa, da fata mai yin baƙi tana saɓulewa a gwiwa da gwiwar hannu da matsematsi, ga ƙunci da yawan kuka, kuma da yawansu ba sa tashi. Da ta duba gawar waɗanda aka amince mata ta duba, sai ta tarar hantarsu ta cika da kitse. Da ta bi diddigin abincinsu kuwa, sai ta ga kusan dukkansu an raba su da nono ne an bar su da kokon masara zalla, babu madara, babu kifi, babu wake. Ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da tsofaffin mata na ƙabilar Ga sun daɗe da saninsa, suna kiransa kwashiorkor, wato ciwon da ke kama yaron da ƙaninsa ya ture shi daga nono. Ta fara wallafa bayaninsa a wata mujallar likitocin yara a 1933, sa'an nan a 1935 ta sake rubutu a mujallar likitoci ta Lancet da wannan suna na Ga, kuma da shi duniya ta san ciwon har yau.

Ki lura, Hajiya, kakarku da ta ce yaro ya sha ciki, da matan Ga da suka ba ciwon suna, abu ɗaya suka hango, wato cewa kwanika tana da hannu a lamarin. Inda ilimin asibiti ya gyara maganar shi ne, nonon mai juna biyu ba guba ba ne kamar yadda ake zato. Abin da ke kayar da yaro shi ne yaye na gaggawa, a cire shi daga abincin da ke gina masa jiki, a wasu gidajen ma a kai shi wurin kaka ya rasa uwa da nono a rana ɗaya, sa'an nan a bar shi da kunu tsararo. Da a ce an ci gaba da ba shi nono, ko kuwa an yaye shi a hankali da abinci mai ƙarfi, da cikin uwar bai cutar da shi ba.

Ba a karɓi maganar Dakta Williams hannu bibbiyu ba. Wani babban masanin cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan, Dakta Hugh Stannus, ya dage cewa ba sabon abu ta gano ba, felagra ce kawai, wato ciwon ƙarancin sinadarin niyasin da aka sani yana kama masu dogaro da masara. Ita kuma ta nuna cewa felagra ta fi cin fatar da rana ke duka, alhali wannan ciwo yana fitowa ne a wuraren da jiki ke gogayya, kuma yara ƙanana yake bi. Sai bayan shekaru, musamman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton wasu masu bincike biyu, Brock da Autret, kan ciwon a Afirka a 1952, aka yarda cewa ita ce da gaskiya. A ganina da namiji ne mai babban muƙami ya faɗi abin da ta faɗa, da ba a ɗauki wannan tsawon lokaci ana ja-in-ja ba.

Kwanan da mahaifiyarku ta yi a gefen gado shi ma yana cikin tarihin. A asibitocin Ingila na wancan zamani, ana karɓar yaro ne a sallami uwar, ba ta ganinsa sai a ranar ziyara da aka ƙayyade. Dakta Williams ta ga cewa wannan tsari ba zai yi a Akara ba, domin uwa ita ce mai shayarwa, ita ce mai lura da yaro dare da rana, kuma ita ce za ta koma gida ta ci gaba da ciyar da shi. Don haka ta goyi bayan a bar iyaye mata tare da 'ya'yansu a koya musu haɗa abinci tun suna kwance. Ingila kanta ba ta rungumi wannan ra'ayi a hukumance ba sai bayan rahoton kwamitin Platt na 1959 kan kula da yara a asibiti.

An ɗauke Dakta Williams daga Gold Coast a 1936 bayan saɓani da manyanta, aka tura ta Malaya. A can ta tarar kamfanoni suna tallar madarar gwangwani ga matalautan mata a matsayin madadin nono, har a 1939 ta yi wani jawabi mai zafi a Singafo inda ta daidaita irin wannan talla da kisan kai. Abin lura shi ne, ita kanta ta yi amfani da madarar gwangwani da man hantar kifi wajen jinyar yaran Akara, amma a wurinta madarar da likita ya ba majinyaci daban, wadda ɗan kasuwa ya yaudari uwa ta saya ta bar nononta kuma daban. Sojojin Japan sun tsare ta daga 1942 zuwa 1945, a 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar mata da yara a Hukumar Lafiya ta Duniya, ta rasu a Oxford a 1992 tana da shekara 98. Asibitin yana nan a tsakiyar Akara a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Gana, kuma har yanzu jinyar yara masu ƙarancin abinci tana cikin manyan ayyukansa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin lafiya. Malaminmu ya ce a wani asibitin yara na Gana aka fara bayanin kwashiorkor. Shin shi ne asibitin yara na farko? Kuma shin ciwon shi ne tamowa da muke gani a nan? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Asibitin da malaminku yake nufi shi ne na Akara da muka yi bayani a sama, amma ba shi ne na farko ba. Asibitin yara marasa lafiya na birnin Faris an kafa shi tun 1802, na titin Great Ormond a Landan kuma an buɗe shi a 1852 da gado 10 kacal. Na Akara dai yana cikin tsofaffi a Afirka ta Yamma.

Game da tamowa, a bakin jama'a sunan yana ɗaukar iri biyu, kuma wajibi ne ma'aikacin lafiya ya rarrabe su. Akwai ta rama, inda yaro ke bushewa har a ƙirga haƙarƙarinsa, fuskarsa ta koma kamar ta tsoho, kuma wannan ita ta fi yawa a yankinku. Akwai kuma ta kumburi, wadda ita ce kwashiorkor, kuma haɗarinta shi ne iyaye kan ɗauka ƙiba ce, sikeli ma yana iya ruɗin mutum tunda ruwa yana ƙara nauyi. Shi ya sa ake koya muku ku danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, idan kun ɗaga rami ya zauna a duka biyun, to tamowa ce mai tsanani ko da awon damtse bai kai alamar ja ta jikin ma'auni ba, wato bai yi ƙasa da santimita 11.5 ba. Dakta Williams ta zargi ƙarancin furotin, amma masu bincike na baya sun nuna cewa ƙyanda da gudawa da ƙwayoyin cuta na hanji da ƙarancin wasu sinadarai duk suna da hannu, shi ya sa za ka ga yara biyu a gida ɗaya suna cin tukunya ɗaya, ɗaya ya kumbura ɗaya ya rame.

Jinyar ma ta sauya. Yaron da ya galabaita ko ya ƙi cin abinci ana kwantar da shi a fara da madarar jinya ta musamman da ake kira F-75, domin cika masa ciki da abinci mai nauyi a kwanakin farko yana iya halaka shi, daga baya a koma F-100. Wanda yake iya ci kuma ba shi da wata matsala, ana ba uwarsa haɗin gyaɗa na cikin leda ta riƙa ba shi a gida tana kawo shi awo duk mako. Wannan tsari a garinku aka gwada shi a kan dubban yara lokacin yunwar 2005, kuma sakamakon da aka samu a Maraɗi yana cikin abin da ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar tamowa a gida a 2007.