Tambaya da Amsa: Wai ƙwayar mura tana rikiɗa a jikin mai ƙiba?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita. Ni dai maigidana duk hunturu sai mura ta kwantar da shi, mu sauran ƴan gida kwana huɗu biyar mun warware amma shi sai ya kusa sati biyu yana tari yana jan majina, shagonsa na babbar kasuwa ma yara ke buɗewa. Mutum ne mai jiki, kilo 110, tsawo mita 1,70. Ɗiyata mai karatun jinya ta ce wai ƙwayar mura tana rikiɗa a jikin masu ƙiba har ta ƙara ƙarfi. Gaskiya ne ko zancen makaranta ne?
Daga wata uwargida, unguwar Zaria, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya. Ɗiyarki ba ta yi ƙarya ba.

Ita ƙwayar babbar mura, wadda muke ce ma girip, in ta shiga hanci da maƙogwaro aikinta ɗaya ne, ta yi ta kwafar kanta. To kwafar nan ba ta da mai duba kuskure, kamar ɗalibi ne da ke kwafar allon wani cikin duhu, nan ya tsallake harafi can ya ƙara ɗigo. Yawancin kurakuran lalata ta suke, amma jefi-jefi sai wani ya zo mata daidai. Shi ya sa ma Hukumar Lafiya ta Duniya ke sake duba haɗin allurar rigakafin sau 2 a shekara.

Jiki yana da wani sinadari, intaferon, shi ne mai yin kururuwa da zarar ɓarawo ya shigo. A jikin mai ƙiba sosai kururuwar nan tana makara kuma ba ta da ƙarfi, sai ƙwayar ta samu fili ta yi ta hayayyafa, wasu ƙwayoyin ma masu kuskuren kwafa da jiki mai lafiya zai share su tun da wuri sai su rayu. A 2020 masu bincike na asibitin St. Jude a Amurka sun yi ta ɗaukar ƙwayar daga ɓera mai ƙiba zuwa wani mai ƙiba, gefe guda kuma daga siriri zuwa siriri. Wadda ta bi ta masu ƙiba ta fi tara canje-canje kuma ta fi zafi. Amma fa ɓera ba mutum ba ne, kada ki je ki ce ma Alhaji shi ke ƙera muku sabuwar cuta, ba ruwana in aka yi faɗa.

Abin da aka gani a mutane shi ne daɗewa. Wani bincike a Nikaragwa da ya fito a 2018 ya nuna manya masu ƙiba da suka kamu da nau'in girip da ake kira A sun fi marasa ƙiba daɗewa suna fitar da ƙwayar da kusan kashi 42 cikin 100. Tun annobar 2009 kuma aka sa ƙiba cikin abubuwan da ke tsananta mura.

Da awon da kika ba ni, ma'aunin jikin Alhaji, wato lissafin nauyinsa in an gwada da tsawonsa, ya kai 38, alhali daga 30 ake kiran abin ƙiba. A nan garin ana ganin tumbi alamar arziki ne, wallahi ni abin da ya fi damuna ma matan da ke sayen sha-ka-fashe a tebur, da yawa akwai wani magani dekisametazon ciki, shi kuwa danne garkuwar jiki yake.

In mura ta kama shi ya kwana ɗakinsa daban, a raba masa kofin shayinsa, kada a miƙa masa jariri ko da zazzaɓin ya sauka. A rage sukari da lemun kwalba, ya riƙa takawa bayan asuba maimakon moto har ƙofar shago. In numfashi ya soma yi masa wuya ko ƙirji na ciwo, ku nufi asibiti a ranar, a auna masa sukari da hawan jini tun da an je.